Daren da na riƙe tocila aka saka wa Baba robar fitsari

Mahaifina ya haura shekara 70 lokacin da fitsari ya tsaya masa cak, a wani dare na damina, a garinmu da ke kusa da Ƙaura Namoda. Ya daɗe yana tashi sau huɗu ko biyar kafin asuba, fitsarin yana fita ɗis-ɗis, mu kuwa muna ɗora abin a kan tsufa. A wannan dare mararsa ta kumbura ta yi tauri kamar an kifa ƙwarya, yana ta gumi yana salati, kuma duk wanda ya san halin da Zamfara ke ciki ya san ba a kama hanyar Gusau bayan isha'i. Sai na taso mai kemis na unguwarmu, wanda ya ce yana da robar kuma ya sha ganin yadda ake sakawa.

Ni na riƙe tocila, saboda haka komai a idona aka yi. Ya wanke hannu da ruwan buta, ya shafa wa robar basilin, ya tura ta, da ta cije a hanya sai ya ƙara ƙarfi. Ko ɗigon fitsari bai fito ba, amma ya ɗauki sirinji ya ɗura ruwa ta ƙaramin bakin da ke gefe. Baba, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya yi ƙara ya ce, "Yaro, don Allah cire mini." Jini ne ya biyo robar.

Da safe a Gusau likita ya ɗauko sabuwar roba ya nuna mini abin da ya faru. Irin wannan ana kiranta Foley, sunan likitan Amurka da ya tsara ta, kuma hanya biyu ce a cikinta: babba ta fitsari, ƙarama kuma tana kai ruwa zuwa wani ɗan balan-balan da ke kusa da tsininta. Idan robar ta shiga mafitsara, sai a hura balan-balan ɗin da tsabtataccen ruwa, yawanci mililita 10, ya tokare daga ciki don kada ta zame. Matsalar ita ce hanyar fitsarin namiji ta kai kimanin santimita 20, tana da lanƙwasa, kuma tana ratsa tsakiyar furostet, wani ƙullun nama da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda shi ne ya kumbura ya matse ta Baba. Ta mace kimanin santimita 4 ce kawai. Mai sakawa ba ya ganin ciki, shi ya sa ba a hurawa sai fitsari ya fito an kuma ƙara tura robar gaba. Mai kemis ya hura ne a cikin hanyar, ya yaga ta. Basilin ma yana lalata robar, ga shi ba tsabtatacce ba ne. A asibiti wani man da ke kashe zafi suke matsawa a ciki tukuna.

Dole aka huda ƙasan cibiyar Baba aka sa roba kai tsaye cikin mafitsara har raunin ya warke, aka kuma gargaɗe mu cewa tabon yana iya tsuke hanyar nan gaba. Daga baya aka mayar da robar ta hanyar fitsari, muna jiran ranar tiyata.

Kulawar yau da kullum ta dawo hannuna. Nas ta ce jakar fitsarin ta zauna ƙasa da mara a kowane lokaci, don kada fitsari ya koma ciki da ƙwayoyin cuta, kuma nan muka fara cin karo da al'ada, domin Baba a tabarma yake kwana tun yana saurayi. Sai da muka sha fama kafin ya yarda ya hau gado. Na koyi wanke hannu da sabulu kafin in taɓa komai, in zubar da fitsarin ta famfon ƙasan jaka ba tare da na raba ta da robar ba, in manne robar a cinyarsa da filasta saboda kada ta fizgu da balan-balan a hure. Matata ta ɗinka masa wata 'yar jakar yadi da yake ratayawa a ƙarƙashin riga idan baƙi sun zo.

Kuskure na biyu nawa ne. An ce mu koma canji bayan mako 4, kuɗin mota ya yi wuya, na bari har mako 7. Fitsarin ya yi kauri yana wari, zazzaɓi da rawar sanyi suka kama shi, ya fara kirana da sunan ƙanensa da ya rasu. Kwana biyar muka yi a gadon asibiti ana yi masa allurai ta jijiya, muka kashe ninkin abin da na yi tattali. Bayan nan muka sayi ta silikon, wadda takan kai mako 12.

Kwanan baya wani maƙwabcinmu ya zo neman aron tsohuwar robar Baba, wai zai tafasa ta ya saka wa yayansa. Na gaya masa sau ɗaya ake amfani da ita, na ba shi labarin daren tocila, sannan na kira ɗan acaɓa ya kai su tasha tun rana ba ta yi ba.