Ikilisiyar da ke taruwa a tsakar gidanmu

Ba da shiri muka soma sujada a gida ba. Ran 16 ga Janairu 2015, zanga-zangar da aka yi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe, aka ƙona majami'u a nan Damagaram, washegari wutar ta kai Yamai. Da ƙura ta lafa, mu da muka rage a unguwa muka rasa wurin taruwa, sai uwargidana ta shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa. Daga baya an gyara majami'u, amma taron gidan bai watse ba, domin tsofaffi da masu goyo sun fi samun sauƙinsa.

Kafin mu rera waƙa ko ɗaya, sai da na je gaida mai unguwa. Na durƙusa na ce, "Baba, ga abin da muke so mu yi, ba ma son ka ji shi a bakin wani." Ya ce ban da lasifika, kuma mu kiyaye lokacin salla. Har yau, da ladan ya ɗaga murya muke ajiye waƙa, mu koma karatu a hankali. Wannan bai rage mana komai ba.

Shugabanci ne ya fi ba ni aiki. A majami'a akwai bagade tsakanin fasto da jama'a. A gida babu. Wanda zai saurari wa'azinka da dare shi ne ya ji yadda ka yi wa matarka magana da safe, ya kuma san ko ka biya mai garuwa kuɗinsa. Shi ya sa na tsaya kai da fata a kan cewa mai gida ba zai riƙe wa'azi da baiko, wato kuɗin da masu sujada ke bayarwa, gaba ɗaya ba. Baikonmu a ƙaramin kwano ake tara shi, galibi bai wuce jika biyu ba, amma mutum biyu ne ke ƙirgawa a gaban kowa, a rubuta. Karatu kuwa karɓa-karɓa ne: yau tela, wani mako ɗalibin jami'a. Akwai wata tsohuwa, Inna muke ce mata, ba ta karatu, amma idan ma'aurata suka saɓa ita suke nema, ba ni ba. Baftisma da Jibin Ubangiji (cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu) kuma fasto muke gayyata, don taron gida da ya yanke kansa daga sauran ikilisiya yakan zama mallakar mutum ɗaya.

Masu bishara na ƙungiyar mishan ta SIM sun iso garin nan tun 1924, har yanzu kuwa Kirista ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba. Wanda ya zo aikin bishara da gaggawar ƙirga kawuna zai gaji. Mu muna zuwa suna, muna zaman makoki. Da bazara, in famfo ya ƙafe, randarmu ta kowa ce. In maƙwabci ya tambayi abin da muka gaskata, nakan gaya masa a fili, ba na ɓoye-ɓoye, ba na kuma sayen kunnensa da kyauta.

Yanzu rumfar ta yi mana kaɗan. Mun yanke shawara mu rabu biyu bayan girbi, telan nan zai ja rabi zuwa gidansa, kuma tuni ya je ya gaida nasa mai unguwar.