Tarihin Rayuwata, Kashi Na 17: Takarda Ba Ta Jin Kunya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Makon jiya na tsaya a inda Baba ya cire ni daga shagon Kawu na Dilimi bayan rigimar kuɗin batir ɗin nan, kuma na yi alkawarin yau zan shiga maganar aurena na fari. To ku yi haƙuri auren zai jira, don tun ranar Asabar wata magana ke cina, in ban sauke ta ba ba zan iya rubuta komai ba. Maganar Baba Tela ce, Allah Ya jiƙansa.

'Yan unguwar Gangare ta nan Jos na wancan lokacin ba sai na gaya musu ko wane ne ba. Da rana yana kan keken ɗinki a babbar kasuwar Taminus, in an yi la'asar kuma shi ne shugaban kulob ɗinmu na dirama. Iyakarsa firamare, ajami ma ya fi masa sauƙi a kan boko, amma wallahi har yau da na yi zama da masu digiri a wannan harka ban ga wanda ya kai shi kunne ba. A wajen tashe ya tsince ni, ina Tsoho Da Gemu da audugar da na sato daga katifar Inna na manna a haɓa, na zo ƙofar gidansu ina tari irin na tsofaffi ina dogara sanda, sai ya ce kai ɗan gidan wa? Na faɗa. Ya ce bayan sallah ka same ni a firamaren da ke bayan masallaci. Shi ke nan fa, abin da ya ja ni cikin wannan wahala da har yau ban fita ba.

Baba Tela yana da doka guda. In ka kawo rubutu ba zai karɓa ya karanta ba, ko kallon takardar ba zai yi ba. Sai ya ce, "Takarda ba ta jin kunya, duk abin da ka ɗora mata ɗauka take yi. A tashi a faɗa mu ji." Sai a raba wa yara, wannan ya zama uba wannan ya zama ɗa, kai kuma mai rubutun a zaunar da kai a benci a hana ka magana. Ko sun karanta ba daidai ba ba ka da bakin cewa ai ga abin da nake nufi, in ka motsa sai ya ce, to in za ka bi kowane ɗan kallo har gida ka yi masa bayani bismillah.

Wasana na farko a kan wani yaro ne da ya gudu daga makaranta ya koma kamasho a tashar Bauchi Road. Na rubuta wa uban jawabi shafi guda cur, da aya da hadisi da karin magana, ina ji a raina yau sai an yi kuka a ɗakin nan. Yaron da ya fito a uban bai kai rabi ba numfashinsa ya ƙare, wanda ke ɗan kuma ya rasa yadda zai yi da hannuwansa sai ya fara sosa ƙeya, na baya suka tuntsire da dariya. Baba Tela bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai, Alhaji babanka ya taɓa yi maka magana mai tsawon wannan?" Na ce a'a Baba. Ya ce, "In ransa ya ɓaci me yake yi?" Na ce rediyo yake kunnawa ya juya mana baya. Ya ce, "To je ka rubuta rediyon." Na koma na yanke shafin nan gaba ɗaya, uban ya shigo ya tarar da ɗan a tsugune, bai ce uffan ba, ya ɗauki rediyo ya kama tashar Kaduna ya ƙure murya. Ranar da muka yi shi gaban jama'a akwai dattijon da ya tashi ya fita a daidai wurin nan, daga baya aka ce mana ɗansa ma haka ya yi.

Bari na ɗan kauce, don wannan na jima ina so na faɗa. Yaran yanzu sun ɗauka harkar fim ɗin Hausa a Kano ta faɗo daga sama. Kano tana da girmanta ba mai ja, a can aka yi Turmin Danya a 1990 wanda ake lissafawa shi ne fim ɗin Hausa na farko a kaset ɗin bidiyo, to amma su wa suka yi shi? Tumbin Giwa, kuma kulob ɗin dirama ne kamar namu. Daga daɓe aka taso. Mu kuma nan Jos kyamara ba baƙuwarmu ba ce. Hukumar fina-finai ta ƙasa da aka kafa a 1979 a nan hedikwatarta take, kwalejin talabijin ta NTA tana Rayfield, a 1995 aka buɗe makarantar koyon fim ta ƙasa, ita ma a nan. Muna yara aka ɗauki Cock Crow at Dawn a yankin nan duk Najeriya na kallo. Kulɓa Na Ɓarna da hukumar ta yi a 1992, Brendan Shehu ya ba da umarni, ai asalinsa littafin wasan kwaikwayo ne na Umaru Ɗanjuma Katsina, kuma ba wanda ya ɓoye sunan mai littafin. Ku riƙe wannan don zan dawo kansa. Mu dai a lokacin iyakarmu leƙe, mu je silima Kwararafa mu kalli Indiya da Canis mu dawo muna gardama a kan me ya sa bos bai mutu da wuri ba, Baba Tela ya ce ai in ya mutu da wuri kuɗin tikitinku ya tashi a banza, ku koyi yadda ake riƙe mutum a kujera.

To da kaset ya yi kasuwa, wajen ƙarshen shekarun 1990, kowa ya zama furodusa. Mai shagon atamfa furodusa, mai sayar da sifiya furodusa. A nan ne wani Alhaji, ba zan kama suna ba kuma ba zan faɗi garinsu ba, shi ya san kansa in yana karantawa, ya zo Jos neman lokeshan saboda duwatsunmu da sanyinmu, aka kawo shi wajenmu ya ga wani wasa da na rubuta a kan kishiyoyi biyu da mijinsu ya tafi haƙar kuza bai dawo ba. Wasan nan ya sha a tashi a faɗa mu ji har na gaji, babu layin da ba a tauna ba. Alhaji ya ce ƙanena ba ni na duba a masauki, gobe za mu zauna. Na ba shi. Littafi ne mai layi irin na 'yan makaranta, da biro na rubuta, ba ni da kwafi don ko kuɗin fotokwafi ba ni da shi. Da na je masaukin da safe aka ce ya tafi tun asuba, ya bar mini saƙo a ambulan, kuɗin da ko shaddar sallah ba za su saya ba.

Ban sake jin ɗuriyarsa ba sai da wani abokina mai shagon haya na kaset a Unguwar Rogo ya aiko a kira ni. Muka zauna muka kalla. An canza suna, an mayar da kuza ta zama fatauci, an cusa waƙoƙi inda ba su da gurbi, matan da na rubuta cikin takaba da talauci ga su a gindin fulawa suna juyi. Amma maganganun nawa ne, har inda uwargida ke ce wa amarya ki rage gishiri mai gidan ba ya nan. Na jira har ƙarshe sunaye suna hawa. Ɗaukar nauyi Alhaji. Shiryawa Alhaji. Labari da tsarawa, Alhaji. Har mai dafa abinci an rubuta sunanta, da direban bas, kuma ban ce ba su cancanta ba.

Na je wa Baba Tela da kaset ɗin a hannu jikina na rawa, ina jira ya ce mu tafi kotu ko wajen sarkin garinsu. Ya ci gaba da taka kekensa ya ce, "Ai na gaya maka ba ta jin kunya. Ta ɗauki sunanka, ta ɗauki nasa." A lokacin haushinsa na ji sosai, kuma gaskiya har yau ina ganin da ya tashi ya raka ni ko sau ɗaya da wani abu ya canza, dattijo ne ana jin maganarsa. Allah dai Ya gafarta masa, mutanen da haka suke, komai a bar wa Allah.

Maiɗakina tana cewa wai na kasa mance maganar nan, shekara da shekaru ko baƙi aka yi sai na tayar da ita. E na kasa. Ba kuɗin ke damuna ba yanzu, Alhamdulillahi na ci na sha na aurar. Babbar 'yata ce da tana ƙarama ta ce wa ƙawayenta babanta ne ya rubuta fim ɗin suka ce ƙarya take, ta dawo gida tana kuka ta ce na nuna mata sunana a kaset.

Daga nan kuma sai abubuwa suka zo a jere. Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 garin ya kama da wuta, wanda duk ɗan Jos ya san inda yake a ranar. Kulob ɗinmu akwai Birom akwai Angas akwai Yarbawa da Inyamurai haifaffun Nasarawa da Hausarsu ta fi ta wasunmu, bayan rikicin kowa ya koma ɓangarensa, wanda ke fitowa a alƙali a wasanninmu ban sake sa shi a ido ba sai a Abuja da furfura, muka rungume juna a bakin titi kamar mahaukata. A Fabrairun 2002 kasuwar Taminus ta ƙone, da shagon Baba Tela da kekensa da wata tsohuwar akwatin ƙarfe da yake tara duk wasannin kulob tun kafin a haife ni a harkar. Ko shafi ɗaya bai fita ba. Bai ƙara tara mu ba, kuma bai daɗe ba.

Shekarun da suka biyo ba abin faɗa, na yi achaɓa har aka hana, na yi lodin dankali. Ta nan zan tsallake.

Yanzu duk Asabar bayan azahar ina zama da yara a wani aji na Islamiyya a Rikkos da hedimasta ya ara mana, maza a gaba mata a baya, ba na karɓar ko sisi. Wasu suna karatun fim ko tiyata a jami'a, sun fi ni sanin sunayen abubuwa, su suka koya mini ma cewa shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, da yadda ake rubuta kan sin, wato kan kowace fitowa, ciki ko waje, dare ko rana. Na ce madalla. Amma kowa ya zo da labarinsa a waya ya miƙo mini sai na ce mayar da wayarka, a tashi a faɗa mu ji. Har sun sa mini sunan.

Akwai wata yarinya, ɗiyar wani maƙwabcinmu, ta rubuta miji yana ce wa matarsa ya ke abar ƙaunata hasken idanuna, a gaban uwarsa, a tsakar gida. Da aka tashi aka faɗa yaron da ke mijin da kansa ya rufe fuska. Na ce 'yata, yayanki ya taɓa faɗa wa matarsa haka gaban Hajiya? Ta ce tab, ai ko sunanta ba ya kira. Na ce to yaya kika san yana sonta? Ta yi shiru can ta ce in ya sayo tsire yakan ɓoye nata a aljihun babbar riga. Yarinyar nan yanzu ita ce ta fi kowa a ajin, kuma in ta dage za ku ji sunanta, in an bari an rubuta shi.

Abin da ke ba ni takaici da finafinan nan masu dogon zango na YouTube shi ne ba a ba rubutu lokacin da zai nuna. Ana lokeshan ana jiran marubuci ya turo sin ta WhatsApp, wani ma darakta ne zai ce wa 'yan wasa ke ki ce kaza kai ka ce kaza a kunna kyamara, shi ya sa za ka ga mutum biyu a falo suna maimaita magana ɗaya minti goma. Ba rihaza, ba wanda ya ji abin da kunnensa kafin duniya ta ji. Mutanen Jos Repertory Theatre da aka kafa a 1997 na je bikin wasanninsu na ga yadda suke zama a kan rubutu ana karantawa ana gyarawa kafin a hau daɓe, na ce ashe dai Baba Tela bai yi ƙarya ba, turanci kawai ya rasa.

To abin da ya faru ranar Asabar. Bayan an tashi wani yaro cikin masu ƙoƙarin ya tsaya yana murna, ya ce Malam albishirinka, wani furodusa ya ji labarina ya ce na tura masa duka ya duba, in ya yi masa za mu zauna. Wallahi sai da na nemi benci na zauna. Na ce ka tura? Ya ce tukuna, data ce ta ƙare. Na ce Allah Ya yi wa datar nan albarka. Na gaya masa akwai hukumar kare haƙƙin mallaka, akwai sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2023, amma kafin a kai ga doka, taƙaitaccen labarin kawai za ka tura, shafi ɗaya. Sauran sai an zauna da shaidu an rubuta nawa ne, yaushe za a biya, kuma sunan wa zai hau a wajen labari da tsarawa, kowa ya sa hannu. Ya ce Malam kar ya ga kamar na raina shi, babban mutum ne fa. Na ce ai ba kai za ka faɗa ba, ni zan faɗa.

Mun yi da yaron cewa ranar Alhamis da furodusan zai shigo Jos, za mu same shi a masaukinsa bayan la'asar ni da yaron da kawunsa. Na riga na sa an buga takardar kwafi uku a shagon kwamfuta na Bauchi Road. Yadda ta kaya za ku ji mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.