Gidajen da suka karɓa da waɗanda suka ƙi: aikin rigakafi a Sakkwato

Na yi shekaru ina aikin rigakafi na gida-gida a Sakkwato, tsakanin Mabera da Gidan Igwai, wani lokaci a tura mu ƙauyukan Kware. Mata aka fi ɗauka, tunda mu ke wuce zaure. Mu ɗiga wa yaro ɗigo biyu na maganin shan inna, mu shafa masa tawada a ƙaramin yatsa, mu yi alama da alli a bango. Gidan da aka ƙi, da yawa cikinmu kan ce jahilci ne. Ni ban yarda ba, don cikin masu ba mu wahala har da masu karatu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, gida ɗaya kan yi mana fuska biyu. Idan damina ta faɗi aka fara rabon maganin kariya daga zazzabin cizon sauro, wanda ake ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar wata-wata, uwargida da kanta ke leƙowa ta ce kada mu tsallake su. Maganin nan da ɗaci, kuma kwana uku ake sha, biyu a hannun uwa. Amma ta san zazzabi, ta kwana zaune da yaro jikinsa rau. Haka aka yi a 2017 da sanƙarau ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato: ba mu roƙi kowa ba, layi mutane suka yi. Shan inna kuwa uwaye da yawa ba su taɓa ganin sabon kamu ba.

Wani magidanci ya taɓa tare ni a ƙofa, ba da faɗa ba. Ya ce: "Malama, ɗiyana na kwance da masassara, na tai asibiti an ce in sayi magani. Wanga da ba mu roƙa ba shi kuka kawo kyauta har ɗaki?" Na ce, "Baba, gaskiyarka." Tambaya ce ta mai hankali, kuma tana da tushe. Dattawa ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, yara 11 cikin waɗanda aka sa a gwajin suka rasu. A 2003 Kano da wasu jihohi suka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin yana hana haihuwa. Binciken da aka yi bai tabbatar da zargin ba, amma maganar ta riga ta zauna.

Abin da ya sassauta mana shi ne shigowar sarakuna, musamman bayan 2009 da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitinsu na Arewa kan lafiya. Gidan da ya ƙi ni, sai mu koma da mai unguwa. Shi ba bayanin ƙwayar cuta yake yi ba. Gaisawa suke, ya ce nasa jikokin sun sha, sai ka ji an ce a fito da yara. A cikin gida ma na koyi fara gaida uwar miji kafin in kalli amarya, don ko amarya tana so, ba ta da ta cewa.

Sai kuma abin da ba a cika faɗi a taro ba, wato tsada. Lokacin kwalara a 2021 muna ta cewa a wanke hannu da sabulu, a gidan da kowace jarka sayenta ake daga mai kura. Gidan sauro kuma, wanda ya san zafin Afrilu a Sakkwato ya san dalilin da ake naɗe shi. Da korona ta zo a 2020, limamai sun kawo hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta faɗa ko fita daga cikinsa, mutane kuma sun ji. Sai dai ɗan kabu-kabu da mai tallar fura ba su da abin da za su ci idan suka zauna gida.

A Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, amma rigakafin bai tsaya ba, saboda akwai nau'in da ke yaɗuwa inda yara ba su samu isasshen ɗigo ba. Wannan ya ƙara mana aiki, don yanzu tambayar da ake tarbar mu da ita a zaure ita ce: ba an ce ta ƙare ba?