Daga Yauri zuwa Wara da na'ura a wuya

Kawu ne ya fara tayar da maganar, a wayar da ya buga mini bayan sallar isha'i. Jirginsa na kaya, wanda ke jigilar albasa da buhunan shinkafa tsakanin Yauri da garuruwan bakin tafkin Kainji, ya kwana a ruwa lokacin hunturun bara. Hazo ya rufe su da la'asar, matuƙi ya rasa gabas ya rasa yamma, suka yi ta zagaye har mai ya ƙare. Da gari ya waye sai ga su a gefen wani gungu da suka wuce tun azahar.

"Abin nan na masu awon fili," in ji Kawu, "wanda suke riƙewa kamar waya yana faɗa musu inda suke. Yana aiki a ruwa?"

Na ce yana yi, Kawu.

"To nemo mini. Kuma kai za ka kawo shi da ƙafarka, ka shiga jirgin ka nuna musu."

Ni gyaran waya nake yi a Birnin Kebbi, saboda haka a gidanmu duk abin da ke da batir da allo a kaina yake ƙarewa. Abin da na fara yi kuwa shi ne ƙoƙarin hana Kawu kashe kuɗinsa, domin kowace wayar zamani tana da GPS a cikinta, kuma ba ya bukatar sabis ko data. Taurarin ɗan'adam ne na Amurka, aƙalla 24, suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana aiko da lokaci da matsayinsa. Na'ura sauraro kawai take yi. In ta jiyo huɗu daga cikinsu ta lissafa inda take. Amma da na tuna irin wayoyin da masunta ke kawo mini shago, allo ya yi gumi daga ciki, wurin caji ya yi kore da tsatsa, sai na janye maganata. Waya ba ta son jiƙaƙƙen yatsa, allonta ba ya ganuwa da tsakar rana, in kuwa ta faɗa ruwa sai dai a yi mata addu'a.

Wani abokina da ke Legas ya shiga shagunan masu kayan jiragen ruwa, ya riƙa nuna mini ta bidiyo. Nan na ga yadda ake sayar wa mutum abin da ba zai amfane shi ba. Mai shago ya dage sai mu ɗauki wadda ke da taswirar teku a ciki, ita ce mai tsada. Da na sa aka juya kwalin sai ga shi taswirar gaɓar tekun Amurka ce. Me Kawu zai yi da zurfin ruwan Fulorida a Zamare, garin bakin kogi da ke kusa da Yauri? Akwai kuma ƙananan nan na masu yawon daji, irin eTrex, masu sauƙin kuɗi. An rubuta musu IPX7, wato suna jure nutsewar mita 1 na minti 30. Mutane da yawa suna ganin wannan rubutu su ɗauka magana ta ƙare. Jure ruwa daban, tasowa sama daban. In ta jure ruwa tana kwance a gindin tafki, kifi ne zai karanta ta.

Na tsaya a kan Garmin GPSMAP 79s. Tana tasowa in ta faɗa ruwa, maɓallai ne da ita ba allon shafawa ba, tana cin batir AA guda 2 irin na tocila da rediyo, kuma ban da taurarin Amurka tana jin na Rasha da na Turai da na Sin. Allonta irin wanda hasken rana ke ƙara fito da shi ne. Ragowar kuɗin na zuba su a ƙananan abubuwa, waɗanda daga baya na ga su ne rabin aikin: igiyar rataya a wuya, batura masu caji guda 8 da abin cajinsu, jakar roba mai naɗe baki, ƙaramin kamfas na hannu, usur, da littafi mai bangon leda. Na ƙara da rigunan kariya guda 6. Da Kawu ya ga lissafin ya tsaya a wannan layin, ya ce shi na'ura ya aike ni ba tufafi ba. Na ce Kawu ku yi haƙuri, haɗe ake sayar da su. Ƙarya ce, Allah Ya yafe mini.

Na taso ranar wata Talata a watan Janairu, ta Jega da Koko, na isa Yauri da yamma. Washegari bayan asuba muna bakin ruwa. Sanyi na ratsa riga, mata na hura wutar ƙosai, ana ta lodin albasa a jirgin katako mai tsawon gaske da injin Yamaha mai doki 40 a bayansa. Matuƙin dattijo ne, Basarke, ya girmi Kawu nesa ba kusa ba. Ya karɓi na'urar ya juya ta, ya shinshina, ya miƙo mini.

"Ɗana, ta san inda dorina take kwana?"

"Ba ta sani ba, Baba."

"Kututturen da ke ƙasan ruwa fa?"

"Shi ma ba ta sani ba."

"To me ta sani?"

Na ce duk inda kuka bi da ita ba ta mantawa. Ya yi shiru, sannan ya ce wa yaron jirgi ya kwance igiya.

Kafin mu tashi na danna alamar farko na sa mata suna YAURI, na kuma kunna ajiyar sawu, wato layin da na'ura ke zanawa a bayanka muddin kana tafiya. Taswirar da ta zo da ita ta duniya ce baki ɗaya, kogin Kwara a cikinta wani shuɗin zare ne kawai. Sau da yawa ma sai ta nuna jirginmu yana tafiya a kan tudu. Ban damu ba, don ba taswirarsu na zo bi ba. Tawa na zo zanawa, a bayan hannun Baba.

Tsakanin Yauri da Zamare ruwan kogi ne sosai, ga gungaye, ga ciyawar burgu ta shimfiɗu kamar gona. Masu kwale-kwale na ɗaga koma, kwalekwalen fito na kai mutane da babura Rofiya a ɗaya gaɓar. Baba ba ya tafiya a miƙe. Zai nufi wata bishiyar giginya har ka ce zai hau ta, sai ya karya hagu, ya bi gefen ciyawa, ya sake yankawa tsakiya. Duk inda ya rage wuta ya nuna da haɓa, sai in tambaya in danna alama: DUTSE, YASHI, KUTUTTURE 1, KUTUTTURE 2. Kafin hantsi na kai na 14.

Waɗannan kututtura suna da tarihi. An kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya haɗiye gonaki da dazuzzuka da garuruwa, har da tsohuwar Busa inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806. An kwashe mutane an sake musu matsuguni, amma itatuwa da yawa suna nan tsaye a ƙasa. Kuma tafkin ba ya zama a tsayi ɗaya. Farin ruwa yana zuwa da damina, daga ruwan saman ƙasashen nan namu. Baƙin ruwa kuma sai cikin hunturu yake isowa, bayan ya yi watanni yana ratso Mali daga tsaunukan Gini. Daga nan ruwa ya riƙa ja da baya har sabuwar damina ta kankama, bambancin ya kai mitoci da yawa. Baba ya ce hanyar da muke bi yau, in aka bi ta a ƙarshen bazara, farfela za a bari a can. Sai na buɗe littafin na rubuta a saman shafi: sawun Janairu, ruwa cike. Zai bukaci wani sawun na bazara, da wani na damina.

A nan ne na yi abin kunyata. Da muka fito faffaɗan tafki, inda gaɓa ke nisa har ta zama layi, sai rawar kai ta kama ni. Na riga na shigar da lambobin da ke nuna inda garin Wara yake a taswira tun a gida, na danna na'ura ta kai mu. Kibiya ta fito, ta nuna gefe guda, Baba kuma yana tuƙi wani gefen. Na ce, "Baba, kamar mun saki hanya, ta nan ya fi kusa." Bai ko kalle ni ba. Bayan kamar minti 20 ya nuna mini da baki: daidai inda kibiyata ke so mu ratsa, balbelu ne tsaye a kan ruwa, ruwan bai kai musu gwiwa ba. Kibiyar layin tsuntsu take ja tsakanin wuri da wuri, ba ruwanta da abin da ke tsakani. Yaron jirgi ya yi dariya har ya saki gwangwanin kwalfe ruwa. Tun daga nan suka sa wa na'urar suna Balbela.

Mun wuce tsibirin Foge daga nesa, muka isa Wara bayan azahar. Na'ura ta ce mun yi kilomita 70 da ɗoriya. Warin banda ne ya fara tarbar mu, ga tabarmi an baza warangi, ƙananan kifayen nan da ake shanyawa, ga manyan kwanduna na tarwaɗa da ƙarfasa. Ana sauke albasa na kira ƙanena in gwada masa inda nake. Na karanta masa lambobi, ya buga a wayarsa, ya ce ai kana tsakiyar daji. Kuskuren nawa ne. Na'urar tana rubuta digiri da minti, wayarsa kuma digiri da ɗigo. Digiri 10 da minti 50 ba shi ne 10.50 ba, 10.83 ne, kuma tsakaninsu akwai kilomita 37, tunda kowane minti ɗaya na arewa da kudu mita 1,852 ne. Ranar da za a nemi ceto irin wannan kuskure ba abin dariya ba ne. A daren na zauna da yaron jirgi, wanda ya yi sakandare, muka saita ta a digiri da ɗigo irin na waya, muka bar ma'aunin taswirarta a kan wanda ake kira WGS 84 yadda wayoyi suke, na ce kada kowa ya taɓa wannan shafin.

Ba a zama a bakin ruwan Wara ba a tuna watan Mayun 2021 ba, lokacin da wani jirgi maƙare da fasinjoji ya nutse a kusa da garin, aka rasa mutane fiye da 100, yawancinsu masu neman abinci. Mai shayin da muka zauna wurinsa ya ɗan taɓa maganar ya bar ta. Ba ɓatan hanya ne ya ci su ba, kuma babu na'urar da za ta hana katako tsagewa in an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Da safe da na fito da rigunan kariya, yaron jirgi ya sa tasa ba musu. Baba ya karɓa ya ninke ya zauna a kai.

Da dawowa ne hazon ya same mu. Tun safe rana ta fito fara fat kamar faranti, kafin azahar gaɓa ta ɓace gaba ɗaya, giginyun da Baba ke auna hanya da su babu ko ɗaya. Sama fari, ruwa fari, ƙura a haƙori. Ya rage wuta, ya tsoma hannu a ruwa, ya ɗaga kai yana neman iska. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ɗana, me Balbela ta ce?"

Na kira sawun jiya na sa ta bi shi a juye. Muna gefensa da kusan mita 400, ta yamma. Na ce ku ɗan karya dama, Baba. Ya karya. Ɗan alamar jirginmu ya matso a hankali har ya hau layin. Muka yi ta tafiya a haka, ni ina kiran dama da hagu, yaro a goshin jirgi da gora yana taɓa ƙasa, domin na'urar tana iya kuskuren 'yan mitoci, kututture kuwa faɗinsa bai kai haka ba. Da na ce KUTUTTURE 9 na gabanmu da mita 100, Baba ya kashe wuta kusan gaba ɗaya. Sai ga shi ya fito daga cikin farin, baƙi, da tsuntsu a kansa, ta hannun hagu inda muka bar shi jiya.

A tsakiyar wannan ne allon ya yi gargaɗin batir. Da safe na yi rowar masu cajin, na sa wasu masu araha da na saya a bakin kasuwa, irin marasa nauyin nan. Kamfanin ya ce batura masu kyau suna kai awa 19, waɗannan ko 4 ba su yi ba. Na buɗe jakar roba da hannu yana rawa, na canza, muka jira ta sake kamo taurari, jirgi yana lilo. Minti ɗaya ne ko biyu, amma na ji tsawonsu. A wannan ɗan lokacin kamfas ɗin hannu ne ya riƙe mana arewa.

Mun shiga Yauri ana kiran magariba. Kawu na tsaye a bakin ruwa da carbi. Ya tambayi Baba yadda abin yake, Baba ya ce, "Makauniya ce, amma ba ta da mantuwa." Ya ciro igiyar daga wuyana ya rataya wa yaron jirgi, ya ce masa ranar Asabar za su Shagunu, ya tabbata ya cika batura, ya kuma zo da littafin.