Asabar: na wuni kan rushe duniyoyin DC na 1985

Bayan karin kumallo na ɗauko Crisis on Infinite Earths, fitowa 12 ɗin nan da kamfanin DC na Amurka ya buga daga Afrilun 1985 zuwa Maris na 1986, na ajiye takarda da biro a gefe. Marv Wolfman ne ya rubuta labarin, George Pérez ya zana da fensir, Dick Giordano da Mike DeCarlo da Jerry Ordway suka bi zanen da tawada. Abin da nake son ganowa yau shi ne dalilin da ya sa wannan halakar duniya ta zauna a ran masu karatun komik, alhali da yawa daga waɗanda suka biyo bayanta tun ba a je ko'ina ba aka manta da su.

Asalin rikicin a ofishin editoci yake. A 1961, cikin The Flash fitowa ta 123, Gardner Fox da Carmine Infantino suka haɗa Barry Allen, Flash na wancan zamani, da Jay Garrick, Flash na 1940. Bayanin da suka bayar shi ne duniya biyu ce a wuri guda, kowacce tana kaɗawa da nata saurin, shi ya sa ba sa ganin juna. Dabara ce mai kyau ƙwarai, domin ta dawo da tsofaffin jarumai ba tare da an ƙaryata sababbin ba. Daga 1963 ƙungiyar Justice League da ta Justice Society suka riƙa haɗuwa duk shekara. Sai aka ƙaro Duniya ta Uku, inda jarumai ne miyagu. Jaruman da DC ta samo daga wasu kamfanoni, irin su Fawcett da Quality da Charlton, kowane rukuni aka ware masa tasa duniyar. Kafin a shiga 1985 akwai Superman matashi, akwai kuma wani mai furfura a gefen kai wanda ya auri Lois Lane. Akwai Batman mai rai, akwai wanda ya rasu ya bar 'ya mai suna Huntress. Yaron da ya miƙa senti 75 ya sayi mujalla ɗaya sai ya sha bayani kafin ya san wane Superman ke gabansa. DC na cika shekara 50 a 1985, sai aka yanke shawarar narkar da komai ya koma duniya ɗaya.

Fitowa ta farko darasi ce ga duk mai son rubuta irin wannan labari. Wolfman bai tsaya gaya wa mai karatu cewa duniya na cikin haɗari ba, a shafukan farko ya kashe guda a gabansa. Wani farin bango na antimata, kishiyar duk wani abu da ake iya taɓawa, yana tahowa yana shafe gine-gine da mutane, abin da ya bari a baya farar takarda ce kawai. Pérez ya yi amfani da farin shafin kansa a matsayin makami: inda bangon ya wuce babu layi, babu launi. Duniya ta Uku ce ke mutuwa, kuma miyagun nan na Crime Syndicate su ne ke ƙoƙarin ceton ta. Ultraman, mugun takwaran Superman a can, ya tashi ya afka cikin bangon da gangan, bai fito ba. Alexander Luthor, takwaran Luthor abokin gabar Superman, wanda a can shi ne mutumin kirki, ya sa jaririnsa a kumbo ya harba shi kafin wutar ta iso, daidai yadda aka yi wa Superman daga Krypton. Duk wanda ya san wancan labari zai gane cewa wannan karon ba duniya ɗaya ake magana ba.

Sauran kayan aikin suna nan a fili in mutum ya lura. Akwai Pariah, mutumin da ake jefa shi duk inda duniya za ta mutu ya tsaya yana kallo ba ya iya komai. Shi ne idon mai karatu. Akwai Monitor, wanda ya san abin da ke faruwa, ya dasa hasumiyoyi 5 a zamani dabam-dabam, ya aika Harbinger ta tattaro masu gadinsu. Amfanin hasumiyoyin nan ga marubuci shi ne sun raba taron jarumai zuwa ƙananan tawagogi, kowacce da wurinta da aikinta, domin jarumi ɗari a akwatin zane ɗaya ba labari ba ne. Sai a fitowa ta 4 aka kashe Monitor ɗin, ta hannun Harbinger da shi ya yi renonta. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a rabin farko: an cire mutumin da ke da amsa tun kafin a kai tsakiyar tafiya.

Bayan azahar na shiga ta 7 da ta 8, kuma a nan na daɗe.

Ta 7 ta fi sauran kauri. Bangonta sananne ne: Superman tsaye yana kuka, riƙe da gawar Supergirl a hannu biyu, rigarta a yage, jarumai cike da bayansa. A cikin labarin, Anti-Monitor, mugun da ke turo farin bangon, ya kayar da Superman yana shirin gamawa da shi, sai Kara, wato Supergirl, ta afka masa da duka har sulkensa ya farfashe. Abin da ya kashe ta ɗan juyawar da ta yi ne ta ce wa Doctor Light ta ɗauke ɗan'uwanta ta gudu. A ta 8 kuwa Barry Allen ya mutu shi kaɗai, ba wanda ya gani. Ya yi ta zagaya wata makekiyar igwa ta antimata da gudu har ƙarfin cikinta ya koma kanta ta fashe. Pérez ya jera ƙananan akwatuna, a kowanne fuskar Barry na ƙara ramewa, fata na zubewa, har aka wayi gari jar rigar ce kawai a ƙasa babu kowa a ciki. Ga gwanintar da na koma baya na tabbatar: tun a fitowa ta 2 wani Flash mai narkewa ya bayyana gaban Batman yana neman taimako, ya ɓace. Gudun mutuwarsa ne ya ratsa lokaci ya koma baya. Wato wata shida kafin a kashe shi an riga an nuna wa mai karatu gawarsa, bai dai gane ba.

Waɗannan mace-mace biyu sun yi nauyi ne saboda kamfanin ya tsaya a kansu. An rufe mujallar The Flash a fitowa ta 350, Wally West, matashin mataimakin Barry, ya gaji rigar, ya riƙe ta har wani sabon ƙarni na masu karatu ya tashi bai san wani Flash ba sai shi. Barry bai dawo ba sai 2008. Kara ta Krypton sai 2004. Gwada wannan da The Infinity Gauntlet na Marvel a 1991, fitowa 6, rubutun Jim Starlin. Thanos ya kaɗa yatsa a fitowa ta farko, rabin masu rai suka ɓace. Lissafi ne mai girma, kuma wurin da Captain America ya tako shi kaɗai ya tsaya gaban Thanos bayan an kashe kowa yana da kyau matuƙa. Amma a ta 6 Nebula ta mayar da komai yadda yake awa 24 da suka wuce. Ina son littafin, sai dai ban taɓa jin mutuwar rabin halitta a cikinsa ta kai mutuwar mutum ɗaya mai jar riga zafi ba.

Ta 9 yaƙin miyagu ne ƙarƙashin Luthor da Brainiac, na wuce ta da sauri. Ta 10 ta kai kowa farkon zamani, Spectre ya yi kokawa da Anti-Monitor, komai ya tarwatse.

Ta 11 ce na fi so a yau, kuma babu wani babban faɗa a farkonta. Superman mai furfura ya farka da safe, ya sa kwat ya tafi aiki kamar kullum, ya shiga ofis yana zaton jaridarsa ce ta Daily Star inda shi ne edita. Sai ya tarar Daily Planet ce, Perry White ne a kujerar, ba kuma wanda ya san shi. Duniyoyi 5 da suka rage sun narke sun zama ɗaya, har da tasa, amma shi babu gurbinsa a sabuwar, matarsa ba a taɓa haihuwarta ba. Huntress ta je neman kabarin mahaifinta ta rasa. A nan ne halakar duniya ta zama abin da mutum zai ji a ƙirjinsa.

Da la'asar na ajiye littafin na koma kan abin da ya biyo baya, domin a nan aikin ya lalace. Wolfman ya so a sake fara kowace mujalla daga lamba 1 da zarar an gama, ba a yarda ba. Sai kowane edita ya yi nasa gyaran a lokacin da ya ga dama. Abin ya zama kamar a rushe katangar gida a ce kowane ɗaki zai gina nasa ɓangaren ranar da ya samu bulo: ba yadda za a yi layi ya haɗu.

A 1986 John Byrne ya sake asalin Superman cikin The Man of Steel, fitowa 6, ya ce Clark Kent bai taɓa zama Superboy yana yaro ba. To ƙungiyar Legion of Super-Heroes ta ƙarni na 30 tun 1958 an gina ta ne kan cewa Superboy ya zaburar da ita, kuma yana cikinta. Dole a 1987 aka ƙirƙiro wata 'yar ƙaramar duniya ta aljihu don a samar musu Superboy, wato an dawo da abin da aka kashe fitowa 12 ana kawarwa. A 1987 Pérez ya sake Wonder Woman a matsayin baƙuwar da yanzu ta iso duniyar mutane. Sai tambaya ta taso: wa ya ceci Donna Troy tana jaririya, tunda ta daɗe a Teen Titans kafin zuwan wadda aka ce ta raine ta? Aka kuma cire Wonder Woman daga waɗanda suka kafa Justice League aka sa Black Canary. Power Girl, 'yar'uwar Superman mai furfura, ta tsira ba dangi, sai aka ce jikar wani matsafi ce na Atlantis mai suna Arion. Hawkman ya fi kowa shan wahala. Timothy Truman ya yi Hawkworld a 1989, fitowa 3, labarin asali mai kyau; da aka mayar da shi mujallar wata-wata a 1990 sai aka ce yanzu ne Hawkman ya sauka duniya, alhali an gan shi a labarai da dama bayan 1986. Duk kuskuren iri ɗaya ne: an canza farkon mutum ba a bi sawun duk wanda rayuwarsa ta jingina da wannan farkon ba.

Maganin da aka riƙa kawowa shi ne wata halakar. Zero Hour ta Dan Jurgens a 1994, fitowa 5 da aka ƙirga da baya daga 4 zuwa 0. Infinite Crisis ta Geoff Johns da Phil Jimenez a 2005 zuwa 2006, fitowa 7, lokacin da aka ce naushin da Superboy-Prime, wani Superboy da duniyarsa ta halaka a Crisis, ke kai wa bangon kurkukunsa ne ya yamutsa tarihi. Wannan bayani bai gamsar da ni ba, domin uzuri ne aka sa masa riga. A ƙarshen mujallar mako-mako mai suna 52, a 2007, duniyoyi masu yawa suka dawo, guda 52.

Akwai kuma matsalar 'yan rakiya, wato sauran mujallun kamfani da ake liƙa wa babban labari. A 1985 wasunsu ba abin da ya haɗa su da rikicin sai sama da aka shafa wa jan launi a akwati ɗaya ko biyu, har masu karatu suka riƙa kiran irin wannan rakiya da sunan jar sama. Wanda zai karanta Crisis yau ya bi fitowa 12 ɗin kai tsaye, labarin a cike yake. Matsala ta biyu lokaci ce. Mai zane nagari shafi ɗaya yake gamawa a rana, mujallar wata kuma tana da shafin labari wajen 22, ga shi irin wannan aiki kowane shafi cike yake da fuskoki da riguna da dole a zana daidai. In babban labari ya makara, 'yan rakiya ba sa jira. Pérez kansa bai ƙarasa The Infinity Gauntlet ba, Ron Lim ya karɓa daga cikin ta 4. J.G. Jones bai ƙarasa Final Crisis ta Grant Morrison ba, Doug Mahnke ya zana ta 7. Secret Wars ta Jonathan Hickman da Esad Ribić an shirya ta fitowa 8 ne a 2015, ta zama 9, ba ta ƙare ba sai Janairun 2016, alhali tun Oktoba sababbin mujallun Marvel sun fito suna nuna wa kowa waɗanda suka tsira.

Bayan isha'i na duba Fantastic Four ta 48 zuwa 50, na Stan Lee da Jack Kirby a 1966, don in ga yadda ake yi kafin abin ya zama sana'a. Galactus ya zo cinye duniya, Alicia Masters, makauniya mai sassaƙa, ta juya zuciyar Silver Surfer, manzon Galactus, Reed Richards ya nuna wa Galactus ɗan makamin da ya fi tsoro, ya janye. Fitowa 3, ba ɗan rakiya ko ɗaya, kuma a tsakiyar ta 50 an gama har Johnny Storm ya tafi kwaleji. Wanda ya ɗanɗana kuɗarsa shi ne Surfer, da aka tsare shi a duniya aka hana shi sararin samaniya shekaru da dama.

Shawarar Wolfman sai a 2011 DC ta ɗauka. Bayan Flashpoint, fitowa 5, a watan Satumba aka sake fara mujallu 52 daga lamba 1 a wata guda. Amma Batman da Green Lantern suna ciniki sosai, sai aka bar musu yawancin tarihinsu, aka kuma ce jarumai shekara 5 kacal suka yi da bayyana. Cikin shekara 5 ɗin nan dole Batman ya raini Robin har 4, Dick da Jason da Tim da Damian, na ƙarshen ɗan cikinsa ne mai kimanin shekara 10. Wally West da aka sani kuwa an shafe shi gaba ɗaya, sai a 2016 aka dawo da shi.