Dakar: Na Hau Babban, Na Sayo Ƙaramin

Shekaranjiya na dawo daga Dakar, har yanzu gwiwoyina ba su yafe mini ba. Aiki ne ya kai ni, amma duk wanda ya san ni ya san ba na shiga garin da ke da babban mutum-mutumi in fito ban nemi ƙaraminsa na tagulla ba. Uwargida ta rantse ba za su kwana a falonta ba, shi ya sa kabad ɗin ofis ne masaukinsu.

Na Dakar kuwa ba ya ɓuya. Mutum-mutumin Farfaɗowar Afirka yana kan tsauni a unguwar Wakam, tsayinsa mita 49: ƙaton namiji ya riƙo mace da hannu ɗaya, ɗayan hannun ya ɗaga yaro, yaron na nuna teku da yatsa. Matakala 198 ake hawa kafin a kai gindinsa. Ni da nake taƙamar hawa Dala ba hutu, sai ga ni a zaune a tsakiya ina haki, 'yan makaranta na wuce ni a guje. Daga ciki na'ura ke ɗaga mutum har cikin hular namijin, inda aka yi tagogi, gari da teku duk a ƙasanka.

Shugaba Abdullahi Wade ne ya ƙaddamar da shi a Afrilun 2010, lokacin da Senegal ke cika shekara 50 da samun 'yanci. An kashe kimanin dala miliyan 27, malamai suka ce gunki ne, wasu suka ce zanen matar ya yi gajarta, shi kuma Wade ya ce a riƙa ba shi kashi 35 cikin ɗari na kuɗin shiga tunda tunaninsa ne. Direban tasin da ya kai ni har yau bai huce ba. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne: kamfanin Mansudae na Koriya ta Arewa ne ya ƙera shi. Nahiyar da ke da maƙeran Ife da Bini da Bida, a ce ranar da za ta yi shelar farfaɗowarta sai an ɗauko haya!

Ƙananan da aka fara tallata mini duk roba ce aka shafa wa fenti. Wani yaro ya dage tagulla ce, na ƙwanƙwasa da makulli, ko amo babu. Tagulla tana da nauyi da sanyi a hannu, tana amsawa idan an buga ta, kuma maganaɗisu ba ya kama ta.

A kasuwar masu sana'ar hannu ta Sumbejun na dace. Ina fama da guntun Faransancina sai na ji an ce, "Malam, daga Kano ko Katsina?" Wani dattijo ne ɗan Maraɗi, mai sayar da kayan fata da na azurfa. Da na faɗa masa buƙatata ya yi dariya ya ce, "Kai ma da gumakan?" Amma ya bar wa yaronsa shago, ya ja ni lungu-lungu har rumfar wani maƙeri.

Nan na ɓata yini ban sani ba. Da kakin zuma yake fara gina siffar, ya lulluɓe ta da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbin. Tagullar ma daga tsofaffin kawunan famfo da kwaɗuna da makullai take, ga su nan jibge a bokiti. Idan ta huce sai a fasa yumɓun da guduma, don haka ba a taɓa samun biyu iri ɗaya. Wanda na zaɓa bai kai kamu guda ba. Namijin ya fi na kan tsauni fara'a, yatsan yaron ya ɗan karkace, ga shatin zarto a bayansa. Na fi son sa da babban, kuma ba da wasa nake ba.

Jaka 60 ya yanka, wato sefa dubu 60. Na buɗe baki zan taya, Alhaji, dattijon nan ɗan Maraɗi, ya taka mini ƙafa. Ya karɓi cinikin da yaren Wolof, suka yi ta dariya kamar ba maganar kuɗi ake ba, aka tashi a jaka 25. A Kurmi da tuni an kai ga rantse-rantse. Daga nan gidansa ya wuce da ni, aka kawo cebujen, shinkafa da kifi a faranti ɗaya, aka bi da shayi zagaye uku. Na yi yunƙurin ba yaransa wani abu, ya ɓata rai: "Haba Malam, baƙo ne kai."

Sauran garin tsada ce kawai. Tasi babu mita, kuɗin ɗakin kwana kamar a Abuja lokacin babban taro, sai dai mutanen ba sa fara magana ba su gaishe ka ba.

Na leƙa tsibirin Gore, wanda ya yi suna da tarihin cinikin bayi, a jirgin ruwa. Akwai mutum-mutumin 'yantattun bayi a tsaye kan ganga, na nemi ƙaraminsa ban samu na kirki ba.

A hanyar dawowa wani jami'in filin jirgi ya ga abin a na'ura, ya zazzage mini jaka a gaban jama'a, ya ce kayan tarihi ne, ina takarda? Na nuna masa rasit ɗin da Alhaji ya matsa sai an rubuta mini, mai kwanan watan makon nan. Ya tura mini kayana da bayan hannu, ko kallona bai yi ba.