Dokin da ke da wutsiyar kifi

Jiya muka shiga HMS Belfast, tsohon jirgin yaƙin nan da ke tsaye a kogin Thames a Landan, kowa na ta ɗaukar hoton manyan bindigogi ni kuwa wlh tambarin jirgin ne ya tsayar da ni. Doki ne gabansa, bayansa wutsiyar kifi, an zagaye shi da igiya, sama kuma kambin sarauta wanda in ka matso sosai za ka ga filafilai ne da bayan jiragen ruwa aka jera. Ashe daga tambarin birnin Belfast aka ɗauko dokin.

Da can gunki ake sassaƙawa a goshin jirgi, da jiragen ƙarfe suka zo sai abin ya mutu, kowane kyaftin ya riƙa zana tambarin da ransa ke so. Sai 1918 sojan ruwan Ingila suka kafa kwamiti, Charles ffoulkes mai kula da makaman Hasumiyar Landan ya riƙa zana musu. Har siffa aka raba: manyan jiragen yaƙi da'ira, irin su Belfast mai kusurwa 5, kafin a mai da kowa da'ira a 1940.

Ɗana dai ya dage wai jaki ne ya faɗa ruwa 😂